Kafin Ki Cike Fom ɗin Makarantar Sikanin, Tambayi Inda Za Ki Riƙe Na'ura

Wata ƙanwarmu ce ta aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Anti, na gama digirina a fannin bayoloji shekara biyu ke nan, kuma ina sha'awar aikin ɗaukar hoton sikanin a asibiti. Na ga makarantu iri-iri, wata shekara biyu, wata shekara ɗaya, har da wani kwas na wata uku da ake yi ta intanet. Fiziks ɗina kuma ba wani ƙarfi gare shi ba. Ta ina zan fara, kuma me masu ɗaukar ɗalibai suke dubawa?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina wannan aiki, na koyar da shi, na kuma sha zama a kwamitin da ke tantance masu neman gurbi, saboda haka zan faɗa miki abin da idona ya gani. Amma bari in fara da yadda aikin kansa yake, domin duk sauran shawarar daga nan ta samo asali.

Idan aka ɗauki hoton ƙirji da eksire, ko aka sa mutum a na'urar CT, abin da ke wurin zai fito a hoto ko mai ɗaukar ya lura da shi ko bai lura ba, likita zai zo daga baya ya gani. Sikanin, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da sauti, ba haka yake ba. Ke ce kike riƙe da kan na'urar, ke kike karkata shi, ke kike zaɓar wane hoto za a daskare a ajiye. A cikin awo na minti talatin, dubban hotuna ne suke wucewa a allo, amma waɗanda za su isa gaban likita 'yan ƙalilan ne, waɗanda kika ga dama kika tsayar. Idan akwai ƙari a gefen ƙoda kika wuce shi ba ki gani ba, shi ke nan, babu wanda zai gan shi, rahoto zai fita cewa lafiya lau. Wannan ne ya sa ba a koyon aikin nan da karatu kaɗai, sai hannu ya saba, ido ya waye, kuma sai a jikin marasa lafiya na gaske, da ƙwararre tsaye a bayanki yana cewa "ƙara danna kaɗan, karkata sama, ga ta nan." Kwas ɗin nan na wata uku ta intanet zai iya amfanar likita ko ungozoma da suka riga suka iya suna son ƙari a wani ɓangare. Ga mai farawa daga tushe kamar ke, ba zai mai da ke ma'aikaciyar sikanin ba, ko da takardar da za su ba ki ta sha ado.

To, abu na farko shi ne ki yanke shawarar ƙasar da kike son yin aiki, sannan ki bi hanyar ta baya-baya: wace takarda asibitocin can suke nema, wace hukuma ke ba da ita, wace makaranta ce hukumar ta yarda da ɗalibanta su zauna jarrabawa. Mutane da yawa suna fara zaɓar makaranta, sai sun gama su waiwayi hukuma, a nan ake kuka.

A Amurka, alal misali, hukumar da ke tantance irin waɗannan makarantu ita ce CAAHEP, tana aiki da shawarar wani kwamiti na masu fannin da ake kira JRC-DMS. Takardar ƙwarewa kuma mafi shahara ita ce ta ARDMS, wadda aka kafa a 1975. Jarrabawa biyu ake ci kafin a samu: ta fiziks da sanin na'ura da ake kira SPI, da kuma ta fannin da mutum ya zaɓa, ko ciki, ko mata da haihuwa, ko zuciya, ko jijiyoyin jini, kuma dole a ci duka biyun a cikin shekara biyar. Wanda ya fito daga makarantar da CAAHEP ta tantance kai tsaye yake zuwa jarrabawa. Wanda ya fito daga wadda ba a tantance ba, a ƙa'idar da aka daɗe ana bi, sai ya kawo shaidar wata goma sha biyu yana aikin sikanin cikakke a asibiti, ban da sharaɗin karatun da ya yi a baya. Ga inda gizo ke saƙar: asibiti ba ya son ɗaukar wanda ba shi da takarda, takarda kuma ba ta samuwa sai an yi aiki a asibiti. Akwai wasu hukumomin kamar CCI ta masu zuciya da jijiya, da ARRT, kowace da nata sharuɗɗan. Jihohi ƙalilan ne kamar Oregon da New Mexico suke neman lasisi a dokance, amma a aikace kusan duk mai ɗaukar aiki yana tambayar takardar hukuma.

A Ingila tsarin daban ne. Yawancin masu sikanin sun fara ne da aikin eksire, ko ungozomanci, ko jinya, sannan suka yi karatun gaba da digiri a jami'ar da hukumar tantancewa ta CASE ta amince da kwas ɗinta. Kuma galibi jami'a ba za ta ɗauke ki ba sai kin kawo shaidar cewa akwai sashen asibiti da ya yarda ya ba ki wurin koyo da mai sa ido a kanki. A Ostareliya ma kusan haka ne, hukumarsu ASAR ce, kuma wahalar ba samun jami'a ba ce, samun gurbin koyo a asibiti ne. Kanada na da tata, Sonography Canada. Ko'ina kika nufa, ki shiga shafin hukumar da kanki ki nemi sunan makarantar a jerinsu. Kada ki tsaya ga abin da makarantar ta rubuta a kanta. Kalmar "an tantance" tana da harshen damo: sau da yawa makarantar ce gaba ɗaya aka tantance a matsayin makaranta, amma kwas ɗin sikanin ɗin babu wanda ya taɓa duba shi. Ki kuma lura da fanni, don ana iya tantance ɓangaren ciki da haihuwa na wata makaranta a bar na zuciya.

Na taɓa karɓar wata yarinya da ta zo neman aiki wurinmu da takarda mai hatimi daga wata makaranta da ba zan ambata ba. Wata goma sha takwas ta yi, ta ci bashi ta biya. Na miƙa mata kan na'ura na ce ta nuna mini maɗaciya a jikin wani abokin aikinmu, siriri, da bai ci komai ba tun dare, wato mafi sauƙin jiki da za a samu. Ta yi minti goma tana yawo a kan haƙarƙarinsa. Da muka zauna na tambaye ta marasa lafiya nawa ta taɓa aunawa da hannunta, sai idonta ya kawo ruwa, ta ce junansu suke aunawa a aji, asibitin da aka yi musu alkawari kuma sai aka ce kowa ya je ya nemo wa kansa. Ba laifinta ba ne, yarinya ce mai kai. Tambaya ɗaya ce ba ta yi ba kafin ta biya kuɗi.

Don haka idan kin samu makarantu biyu ko uku da hukuma ta amince da su, ki kira su ko ki je, ki yi musu tambayoyin da ba sa cikin takardar talla. Wa ke nemo wa ɗalibi asibitin da zai koyi aiki, makaranta ko shi? Awa nawa ake yi a asibiti kafin a gama, kuma a cikinsu nawa ne ɗalibi ke riƙe na'ura, nawa ne yake tsaye yana kallo? Ɗalibi nawa ke kan na'ura ɗaya a ɗakin gwaji? A cikin waɗanda suka shiga bara waccan, nawa suka gama, nawa suka ci jarrabawar hukuma a zaman farko, nawa suka samu aiki? Makarantun da CAAHEP ta tantance wajibi ne su wallafa irin waɗannan alƙaluma, saboda haka idan kika ga ana ta kwana-kwana, kin samu amsarki. Ki tambayi nisan asibitocin ma, domin ana iya tura ɗalibi wurin da sai ya yi tafiyar awa biyu kullum kafin ƙarfe bakwai na safe. Mafi kyawun labari kuwa a bakin ɗaliban shekarar ƙarshe yake, in kin samu ɗaya ki ja ta gefe.

Game da tsawon karatu, tunda kina da digiri, kwas na shekara ɗaya zuwa wata goma sha takwas zai iya karɓarki a wasu wurare, ko da yake da yawa daga cikin gajerun an tsara su ne don waɗanda suka riga suka yi aikin lafiya. Na shekara biyu shi ne aka fi bi. Ni dai ga wadda ba ta taɓa kula da mara lafiya ba, na fi son na shekara biyun. Wata shidan da kike ganin za ki rage, a ɗakin awo za ki biya su daga baya.

Yanzu fiziks. Ba zan ruɗe ki ba, a nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Amma ba fiziks ɗin nan ba ne na lissafin jifan dutse daga saman bene, kusan duka a kan sauti yake, kuma duk abin da kika karanta da safe za ki gan shi a allo da yamma. Kunnen mutum yana ji ne zuwa kusan girgiza 20,000 a daƙiƙa. Na'urarmu tana aiki da miliyan 2 zuwa miliyan 15 ko fiye. A cikin kanta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke girgiza idan lantarki ya ratsa su, su kuma haifar da lantarki idan sauti ya buge su, halin da 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880. Na'ura tana aika sauti cikin jiki, ta saurari amsa-kuwwa, ta lissafa zurfin abu daga lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo. An ɗora lissafin a kan cewa sauti yana gudun mita 1,540 a daƙiƙa a cikin tsokar jiki, wato duk zurfin santimita ɗaya, zuwa da dawowa, yana cin kashi 13 cikin miliyan na daƙiƙa. In kin riƙe wannan, kin riƙe ginshiƙin.

Sauran duk rassa ne. Me ya sa ake shafa man jel? Domin inda iska ta shiga tsakanin na'ura da fata, sama da kashi 99 cikin ɗari na sautin komawa yake yi, ba ya shiga. Wannan dalilin ne ya sa iskar hanji ke rufe miki abin da ke bayanta, ya sa ake cewa mai awon maɗaciya ya yi awa shida zuwa takwas bai ci abinci ba, ya sa ake so mafitsara ta cika kafin a duba mahaifa ta saman mara, don ruwa taga ce ga sauti. Me ya sa ake da kan na'ura iri-iri? Domin sauti mai saurin girgiza yana ba da hoto tangaran amma ba ya nisa, mai jinkiri kuma yana nisa amma hoton da dishi-dishi, saboda haka na wuya da nono daban, na hanta daban. Dutsen maɗaciya yana jefa baƙar inuwa a bayansa, ƙullutun da ruwa ne a cikinsa kuma bayansa ƙara haske yake yi, da haka kike rarrabe su. Awon gudun jini ya dogara da abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842, kuma akwai kusurwa a lissafin: ana so kada ta wuce digiri 60, in ta kai 90 na'ura za ta nuna miki babu gudu ko kaɗan alhali jini na kwarara. Wadda ba ta fahimci wannan ba za ta iya rubuta cewa jijiya ta toshe, jijiya kuwa lafiyarta ƙalau.

Abin da nake ba ki shawara, ki sake ɗaukar darasin fiziks na matakin farko da na aljabara kafin ki nemi gurbi, ko da kin taɓa cin su da kyar. Ki saba da juya ma'auni, milimita zuwa santimita, da lissafin kaso, da logaridim kaɗan saboda desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Riba biyu ce: makinki zai tashi, kuma kwamiti zai ga kin san rauninki kin tunkare shi.

Sauran darussan share fage da kusan kowace makaranta ke nema su ne ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, galibi kashi biyu tare da aikin ɗakin gwaji, da kalmomin likitanci, da darasin rubutu ko sadarwa. Digirinki na bayoloji zai ɗauke miki wasu, amma ki bincika, don makarantu da yawa ba sa karɓar darasin kimiyya da ya wuce shekara biyar ko bakwai. Kuma ki sani, idan an rubuta cewa mafi ƙarancin maki kaza ne, wannan na shiga layi ne kawai. Aji ƙarami ne, sau da yawa bai kai mutum ashirin ba, saboda yawan ɗalibai ya dogara da yawan gurbin da asibitoci suka bayar. Makarantu da dama maki suke tarawa su jera mutane, kuma makin sassan jiki da fiziks ya fi nauyi. Wasu kuma suna ƙara jarrabawar shiga irin TEAS ko HESI.

Ilimin sassan jikin ma akwai yadda za ki karanta shi ya amfane ki. A littafi ana zana hanta a tsaye daga gaba, kyakkyawa, da launi. A allo ba za ki taɓa ganin ta haka ba, yanka-yanka za ki gani, fari da baƙi da toka-toka, a tsaye ko a kwance, kuma daman mara lafiya tana hagunki. Ki nemi littafin da ke nuna jiki a yanke, ki riƙa tambayar kanki: in na yanka nan, me ke gaba, me ke baya, wace jijiya ce ta ratsa? Ɗalibar da ta iso da wannan tunanin tana tsere wa 'yan ajinta da wata uku.

Daga nan sai zuwa kallo. Makarantu da yawa suna neman shaidar cewa kin yi wasu awanni a sashen sikanin kina kallon yadda ake aiki, amma ko ba a nema ba ki je, gani ya kori ji. Ki rubuta wa shugaban sashe a asibiti, ki bi ƙa'idarsu ta sirrin marasa lafiya, ki sa wayarki a jaka, ki riƙe ɗan littafi, tambaya kuma sai mara lafiya ya fita. Ki roƙa a bar ki ki wuni, ba awa biyu ba, don ki ga aikin a lokacin da kowa ya gaji.

Yawancin masu zuwa wurinmu hoton jarirai ne ya jawo su. Akwai wannan, kuma da daɗi. Tun da Ian Donald da abokan aikinsa John MacVicar da Tom Brown suka wallafa aikinsu a Gilasgo a 1958, awon ciki ya zama fuskar wannan fanni, ko da yake Inge Edler da Hellmuth Hertz sun riga su auna zuciya a Suwidin a 1953. Amma wunin ma'aikaci ya ƙunshi hanta, da ƙoda, da maƙogwaro, da ƙafar da ta kumbura ana zargin jini ya daskare, da tura na'ura zuwa ɗakin masu jinya mai tsanani, da awon da ake yi ta farji ko na maraina wanda ke buƙatar kamun kai da iya magana, da taya likita saita allura. Ko awon cikin ma, na mako 18 zuwa 22 ba na kallon fuska ba ne, bin tayi ake yi gaɓa-gaɓa, ƙwaƙwalwa, ɗakunan zuciya huɗu, ƙashin baya, ƙoda, ana neman abin da ba a fatan gani.

Kuma wata rana za ki gan shi. Ina ɗaliba aka kawo wata mata da cikin wata uku, ta shigo da fara'a tana ba ni labarin sunan da suka zaɓa. Na ɗora na'ura, ga tayi a kwance, inda ya kamata in ga ɗan motsin nan na bugun zuciya babu komai. Na canja kusurwa, na ƙara girman hoton, shiru. Ita kuwa ba allo take kallo ba, fuskata take kallo. Malamata ta karɓi na'urar a hankali, ta yi awonta, ta ajiye hotuna, ta ce wa matar, "Akwai abin da nake so likita ya zo ya duba tare da mu yanzu, ba za mu bar ki ki jira ba." Ba ta yi mata ƙarya ba, ba ta kuma wuce iyakarta ba. Wa ke da hurumin faɗin sakamako ya bambanta: a Amurka galibi likita ne ke fassara ya sanar, a Ingila kuwa masu sikanin da yawa su ke rubuta rahoto su kuma faɗa da bakinsu. Ko wanne ne, ki tambayi kanki tun yanzu ko za ki iya riƙe fuskarki, ki gama awon, sannan ki wanke hannu ki kira na gaba.

Sai jiki. Wannan ba a cika faɗa wa masu shigowa ba. Binciken da aka sha yi a tsakanin ma'aikatan fannin ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari suna aiki ne da ciwo, mafi yawa a kafaɗa, da wuya, da tsintsiyar hannu. Dalili a fili yake: hannu a miƙe, ana dannawa da ƙarfi, a riƙe wuri ɗaya minti da yawa, ɗaya hannun na kan maɓallai, wuya a karkace. Ana koyar da kada hannu ya buɗe daga jiki fiye da digiri 30, a matso da mara lafiya kusa, a daidaita gado da kujera kafin a fara. Ni sai da kafaɗata ta dama ta hana ni barci kafin na ɗauki wannan da muhimmanci. Idan kina da tsohon ciwon kafaɗa ko baya, ki ga likita kafin ki yanke shawara. Makarantu kan ba da takardar abin da jiki zai iya, tsayuwa mai tsawo, taya mara lafiya juyawa, rarrabe launin toka da launin Doppler, jin sautinsa. Ki karanta ta da gaske kafin ki sa hannu.

In kina da wata shida ko shekara kafin a buɗe neman gurbi, ki nemi aikin da zai haɗa ki da marasa lafiya, ko mataimakiyar jinya, ko mai tura su zuwa ɗakin hoto, ko aikin sa kai. A kwamiti, wadda ta taɓa canja wa tsoho zanen gado tana da daraja a idona fiye da wadda ta fi ta maki kaɗan amma ba ta taɓa jin warin ɗakin jinya ba. A nan ne kuma za ki samu wanda zai rubuta miki wasiƙar shaida mai ma'ana. Wasiƙar malami ko shugaban aiki da ya san ki, ya kawo misalin abin da kika yi, ta fi ta babban mutum da bai san fuskarki ba. Ki ba su wata guda, ki haɗa musu da bayanin kwas ɗin.

Bayanin da za ki rubuta game da kanki kuwa, na karanta ɗaruruwa, kuma kusan duka da jimla ɗaya suke farawa, wai tun suna yara suke son taimakon mutane. Ba ƙarya suke yi ba, amma bayan na goma ido ya daina gani. Ki rubuta abu ɗaya da kika gani ranar da kika je kallo, abin da ya ba ki mamaki ko ya tsorata ki, da abin da kika yi a kai bayan nan. In akwai tabo a takardunki, kamar fiziks ɗin nan, kada ki ɓoye, ki faɗa a layi biyu, ki nuna sabon makin. Ki ba wani ya duba miki kuskuren rubutu, domin aikin da kike nema na lura da milimita ne.

A intabiyu za a tambaye ki abin da mai sikanin yake yi a wuni, a nan ake gane wanda ya je kallo da wanda ya kalli bidiyo. Za a iya ce miki: mara lafiya ya riƙe hannunki ya ce ki faɗa masa ko ciwon daji ne, me za ki ce? Ko: kin ga ƙwararren da ke koya miki ya tsallake wani ɓangare na awo, ya za ki yi? Ba amsar littafi ake nema ba, ana so a ga kin san iyakarki, ba ki da ƙarya, kuma za ki iya karɓar gyara ba tare da fushi ba, don a shekarar farko gyara za ki sha safe da yamma. Wasu makarantun suna ba da ɗan gwajin juya siffa a ƙwaƙwalwa ko haɗa ido da hannu. Za kuma a tambaye ki yadda za ki riƙe kanki, saboda idan aikin asibiti ya kankama kusan kullum ne daga safe zuwa yamma, ga karatu da dare. Haɗa shi da cikakken aiki abu ne da ban ga wanda ya yi ya ji daɗi ba. Ki zauna da mutanen gida a tsara kuɗi da kula da yara, in akwai, tun kafin a kira ki.

Takardu kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin makarantu sau ɗaya suke ɗauka a shekara, kuma fom da ya rasa takarda ɗaya ajiye shi ake yi ba a karanta ba. Takardar sakamako daga jami'arki kan ɗauki makonni. In a wata ƙasa kika yi digiri, sai an kai shi wurin masu auna takardun waje irin WES, wataƙila da jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS. Rigakafin ciwon hanta nau'in B a tsarin da aka saba allura uku ne a cikin wata shida, saboda haka ki fara da wuri. Akwai gwajin tarin fuka, da takardar koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da binciken ko mutum na da tarihin laifi, wanda asibitoci ke nema kafin su bar ɗalibi ya taɓa mara lafiya. Ki nemi makaranta fiye da ɗaya.

In ba a ɗauke ki a karon farko ba, kada ki ɗauka an rufe ƙofa. Cikin ɗaliban da na fi alfahari da su akwai waɗanda sai a karo na biyu suka shiga. Ki rubuta wa shugaban kwas cikin ladabi ki tambayi inda makinki ya gaza, da yawa za su faɗa miki, ki gyara wannan wurin takamaimai ki dawo. In kuma an sa ki a jerin masu jira, ki bar wayarki a kunne har makon farko na karatu, don akan samu wanda ya janye a ƙurarren lokaci.